In asibiti zai zo gida, to ya zo da kayansa duka

Da ƙafarsa mahaifina ya shiga asibiti. Yana da shekara 82 lokacin da ciwon huhu ya kama shi, numfashi yana yi masa wuya, amma duk da haka ya ƙi a riƙe shi daga mota zuwa ɗakin likita. Kwana tara ya yi a gado. Huhun ya warke, hoton ƙirji ya tabbatar, likita ya yi murna, mu ma muka yi hamdala. Sai dai a keken guragu muka turo shi zuwa bakin mota ranar da aka sallame shi, kuma bai ƙara zuwa banɗaki shi kaɗai ba sai bayan wata huɗu.

A dare na uku ne abin ya fara. Ya farka a gigice, yana kiran ƙanwata da sunan yayarsa da ta rasu tun muna yara, yana neman fizge robar ƙarin ruwa daga hannunsa. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Ku mayar da ni ɗakina." Mu kuwa sai mu ce, "Baba, yi haƙuri, sai likita ya sallame ka." A lokacin mun ɗauka gigin tsufa ne ya zo masa farat ɗaya. Daga baya na gane cewa a cikinmu duka shi ne ya fi fahimtar abin da ke damunsa.

Ba na zargin kowa a wannan asibitin. Ma'aikatan sun yi aikinsu, har sun wuce. Matsalar tana cikin yadda aka tsara asibiti tun asali. An gina shi ne don mutumin da wata cuta guda ta kayar, za a yi maganinta, ya tashi ya kama gabansa. Tsohon da jiki ya yi rauni ba haka yake ba. Ɗan ƙarfin da ya rage masa a jingine yake da abubuwan da ya saba: tazarar gadonsa da ƙofa, inda yake ajiye tabaraunsa, muryar da ke tashinsa da safe, taku goma sha da yake yi kullum zuwa inda yake zama. Ka ɗauke shi daga waɗannan ka kwantar da shi a ɗakin da fitila ba ta mutuwa, na'urori suna ƙara, ana tashinsa da ƙarfe huɗu na asuba don auna jini, to ka cire masa sandar da yake dogarawa ba tare da ka sani ba.

Likitocin tsofaffi sun daɗe da auna wannan. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 cur a gado, sai aka tarar sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Masu lafiya fa ke nan, ba masu zazzaɓi da rashin cin abinci ba. Wani binciken ya nuna tsohon da aka kwantar a asibiti yana shafe sama da kashi 80 cikin 100 na lokacinsa a kwance, ko da kuwa yana iya tafiya. Ba mamaki da aka gano cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 70 suna barin asibiti ne ba su iya yi wa kansu wasu abubuwan da suke yi kafin rashin lafiyar, kamar wanka ko sa tufafi. Ga kuma ruɗewar da ta kama Baba, wadda ba ƙaramin abu ba ne: tana ƙara haɗarin mutuwa, kuma wasu ba sa komawa hayyacinsu gaba ɗaya. Sai robar fitsari da ake sawa don sauƙin aiki ta jawo wata cutar, sai faɗuwa a hanyar banɗakin da bai saba da shi ba. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

Daga nan tunanin kai asibiti gida ya samo ƙarfinsa, kuma ina goyon bayansa. Amma ya kamata a fahimci abin da ake nufi, don ana yawan haɗa shi da abubuwan da ba shi ba. Ba a maganar nas mai leƙowa sau ɗaya a mako ta wanke ciwo. Ba a kuma maganar kulawar da ake yi wa wanda aka cire rai da warkewarsa, ko da yake ita ma tana da matsayinta. Ana maganar mutumin da rashin lafiyarsa ta kai a ba shi gado ne, sai a ba shi gadon a ɗakinsa. Sunansa yana cikin jerin majinyatan asibitin. Likita ne ke da alhakinsa, yana duba shi kullum. Ma'aikatan jinya suna zuwa da safe da yamma. Ana yi masa ƙarin ruwa da allurar jijiya, ana kawo iskar oksijin, ana ɗibar jini a kai ɗakin gwaji, akwai ma ƙananan na'urorin hoton ƙirji da na auna bugun zuciya da ake ɗauka a mota. Cututtukan da aka fi yi wa haka su ne ciwon huhu, da tashin ciwon zuciya mai sa kumburi da haki, da cutar toshewar hanyar numfashi, da cutar mafitsara, da kumburin fata mai buƙatar allura. Wanda ke buƙatar tiyata ko ɗakin kulawa ta musamman, shi kam asibiti ne wurinsa, babu mai jayayya.

Abin ba sabo ba ne. Asibitin Montefiore da ke New York ya fara tura ma'aikatansa gidajen majinyata tun 1947. Faransa ta kafa nata tsarin a birnin Paris a 1957, kuma har yau yana nan a matsayin wani reshe na asibitocin ƙasar. Jihar Victoria ta Ostareliya ta fara a 1994, shirin ya girma har wani likita ya kwatanta shi da asibiti mai gado 500 da ba a taɓa gina shi ba. A Jami'ar Johns Hopkins, likita Bruce Leff da abokan aikinsa sun gwada tsarin a kan tsofaffi, suka buga sakamakon a 2005: a cikin majinyata 455, waɗanda aka yi wa jinya a gida sun yi kwana 3.2 a matsakaici, na asibiti kwana 4.9. Ruɗewa ta kama kashi 9 cikin 100 na 'yan gida, ta kama kashi 24 na 'yan asibiti. Kuɗin kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Birtaniya, wanda Farfesa Sasha Shepperd ta Jami'ar Oxford ta jagoranta, aka buga a 2021. Dalili, an raba majinyatan ne ta hanyar ƙuri'a, ba a zaɓi masu dama-dama aka tura gida ba, kuma tsofaffi ne na gaske: mutum 1,055, matsakaicin shekarunsu 83. Bayan wata shida, kashi 16.9 na 'yan gida sun rasu, na asibiti kashi 17.7. Wato babu wani bambancin a zo a gani. Inda bambanci ya fito shi ne yawan waɗanda suka ƙare a gidan kula da tsofaffi: kashi 5.7 a ɓangaren gida, kashi 8.7 a ɓangaren asibiti.

Masu tallata tsarin sukan tsaya a nan. Ni kuwa akwai wani adadi a cikin wannan binciken da nake ganin ya fi sauran koyarwa. A watan farko, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa jinya a gida sai da aka garzaya da su asibiti. Wasu na kallon wannan a matsayin gazawa. A wurina shaida ce cewa tsarin ya yi aiki ne domin akwai asibiti a tsaye a bayansa, ƙofa a buɗe, da wanda zai lura cewa jiki ya rikice ya ce a taho yanzu. Cire wannan, sauran alƙaluman duka ba su da ma'ana.

Annobar korona ce ta buɗe wa tsarin ƙofa sosai, saboda gadaje sun cika. A watan Nuwamba na 2020 hukumar da ke kula da inshorar lafiyar tsofaffi a Amurka ta amince ta riƙa biyan asibitoci kuɗin jinyar gida kamar yadda take biyan na gado. Amma ta gindaya sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne abin dubawa: ma'aikaci ya je gidan da ƙafarsa sau biyu a rana, likita ya duba majinyacin kullum, a samu wanda zai amsa kira nan take a kowane lokaci, sannan in ta ɓaci a iya isa gidan cikin minti 30. A Ingila kuma hukumar lafiya ta ƙasa ta sa wa kanta burin samar da irin waɗannan gadaje 10,000, ta kuma cim ma burin a 2023.

A nan ne tsorona yake. Duk tsarin da aka ce yana rage kuɗi da kashi 30 ko fiye, masu riƙe da asusu za su so shi, kuma ba lallai don dalilin da ya sa likitocin tsofaffi suke son shi ba. Abu ne mai sauƙi a riƙe sunan a zubar da kayan. A sallami tsohuwa da wuri, a ɗaura mata agogon auna bugun zuciya, a ba 'yarta lambar waya, a rubuta a takarda cewa tana "asibitin gida". Na'ura za ta iya gaya maka iskar oksijin da ke jininta ta sauka zuwa kashi 88 cikin 100. Ba za ta iya gaya maka cewa tun jiya ba ta taɓa kofin ruwan da ke gefenta ba, ko cewa fatar ƙugunta ta fara ja saboda kwanciya a gefe ɗaya, ko cewa amsar da take bayarwa yau ba irin ta jiya ba ce. Wannan sai ido, sai hannu, sai wanda ya shigo ɗakin ya ji warinsa. Na lura cewa yawancin hotunan da ake tallata tsarin da su na allo ne da wayoyi, da wani dattijo mai murmushi yana magana da likita ta bidiyo. Ban taɓa ganin hoton wanda ke wanke zanin gado da ƙarfe biyun dare ba.

Kuma shi ne ainihin inda ragin kuɗin yake fitowa, ko aƙalla wani kaso nasa. A asibiti akwai mai dafa abinci, mai shara, mai wanki, mai juya majinyaci, mai raka shi banɗaki, mai gadin dare, kuma kowannensu ana biyansa. Da aka mayar da majinyaci gida waɗannan ayyuka ba su ɓace ba. Wani ne ya ɗauka kyauta. In ka bi sawu, galibi mace ce: matarsa, wadda ita ma ta tsufa tana fama da gwiwa, ko 'yarsa, ko surukarsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa sama da kashi 75 cikin 100 na aikin kula da mutane da ba a biya, mata ne ke yin sa a faɗin duniya. Idan lissafin asibiti ya nuna riba, ita kuma ta bar sana'arta na mako biyu, ta kwana a kujera, ta fara ciwon baya, to ba a rage kuɗi ba, aljihu aka sauya.

Gaskiya ne cewa a binciken da aka yi, masu jinya da yawa sun ce sun fi samun natsuwa a gida. Na yarda da su, don na san wahalar zaman asibiti: zirga-zirga, jiran likitan da ba ka san lokacin zuwansa ba, barci a zaune. Sai dai waɗanda aka tambaya ɗin su ne waɗanda suka amince tun farko. A gwajin da aka yi a wani babban asibitin Boston, wanda aka buga a 2020, an samu raguwar kuɗi da kashi 38, kuma kashi 7 kacal na 'yan gida suka koma asibiti cikin wata guda, alhali na ɗaya ɓangaren kashi 23 ne. Sakamako mai kyau ƙwarai. Amma mutum 91 ne kawai suka shiga, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa tayin sun ce a'a, su ko iyalinsu. Wannan a'a ɗin ya kamata a saurare ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Saboda haka nake ganin izini biyu ake buƙata kafin a kai gado gida. Na majinyaci, da na wanda zai kwana da shi. Kuma a tambayi na biyun shi kaɗai, a waje, ba a gaban tsohon ba. Wace 'ya ce za ta kalli idon mahaifiyarta tana cewa "ku kai ni gida", sannan ta ce wa likita ba za ta iya ba? Kunya da tsoron a ce ta gaji da uwarta za su sa ta amsa abin da ya fi ƙarfinta. Likita nagari zai sauƙaƙa mata. Zai iya cewa shi ne ya ga bai dace ba, ya ɗauke mata nauyin furta kalmar. Idan kuma ta amince, a rubuta abin da ke kanta da abin da ba ya kanta. Ba aikinta ba ne sauya ledar ƙarin ruwa, ko yanke hukuncin cewa hakin nan na yau ya kai a kira ko bai kai ba. Tsarin kirki yana turo mai taimakawa da wanka da juyi, yana kawo gadon da ke ɗagawa in ana bukata, kuma yana barin ƙofa a buɗe ta ce "na kasa" a rana ta huɗu ba tare da kowa ya harare ta ba.

Akwai wata tambaya da ba na jin daɗinta, amma dole a yi ta: gidan wa? Na'urar da ke tace iskar oksijin tana bukatar wutar lantarki ba yankewa. Wasu magunguna sai a firji. Ana bukatar ruwa mai tsabta, da hanyar da mota za ta bi, da ɗakin da ma'aikaciya za ta tsaya ta yi aiki. Tsohon da ke zaune shi kaɗai, ko wanda ke raba ɗaki da jikoki biyar, ko wanda gidansa ya yi nisa da gari, shi ne tantancewa za ta fara zubarwa. Ka ga ke nan mai hali ya samu likita har ɗakinsa, talaka ya ci gaba da kwana a kan gadon turawa a sashen gaggawa. Amsar da nake da ita ita ce hukuma ta ɗauki gyaran waɗannan giɓi a matsayin wani ɓangare na magani: batirin ajiyar wuta, mai kwana da majinyaci na 'yan darare, abin ɗumama ɗaki inda ake sanyi. Duk da haka zai yi wuya kuɗinsu ya kai na kwana tara a gado da wata huɗu na koyon tafiya.

Wani zai ce wannan duk maganar ƙasashe masu arziki ce, inda likitoci suka wadata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Nas ɗin da za ta duba mutum takwas a ɗaki ɗaya cikin awa guda, in a mota take bi gida-gida ba za ta duba rabinsu ba. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, kowace awa da aka ɓata a hanya an ƙwace ta ne daga wani majinyacin. Amma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta bar wa kowa wurin ɓuya ba: nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye, nan da 2050 yawansu zai kai biliyan 2.1, kuma kashi biyu bisa uku nasu za su kasance a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Babu ƙasar da za ta iya gina gadajen da za su ɗauki wannan adadi. A wurare da dama ma tsofaffi tuni suna jinya a gida, sai dai ba likita, ba allura a kan lokaci, ba wanda za a kira. A irin waɗannan wurare ba sai an lallashi kowa ya zauna a gida ba. Abin da ya rage shi ne a kai masa ma'aikacin da aka horar, da waya mai haɗa shi da likita, da motar da za ta zo in an kira. A fara da unguwannin da ke kusa da asibiti da cututtuka biyu ko uku da aka san kansu, ya fi a zauna jiran ranar da komai zai cika.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rufe gadajen asibiti da hujjar cewa an buɗe na gida. Wannan ɗaya cikin huɗun da jikinsu zai rikice, ina za a kai su? Duk shugaban asibitin da ya zo da lissafin cewa gado ɗari a gida na nufin a soke gado ɗari a gini, a tambaye shi wa zai ɗauki waya da ƙarfe ukun dare, kuma minti nawa motar za ta yi kafin ta iso. In ya fara kame-kame, sallama ce kawai yake shirin yi da sabon suna.

Bayan Baba ya fara takawa da sanda, na ba ƙanwata labarin wannan tsari, don ita ce ta kwana da shi duk dararen nan tara. Na tambaye ta, da an yi mana tayin, za ta karɓa? Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yaya, da gudu ma. A ɗakinsa ba zai manta sunana ba." Har na fara gyaɗa kai, sai ta ƙara da cewa, "Amma fa sai mun raba dare. Kai ma ai ɗansa ne." Na tuna cewa a cikin kwanakin nan tara sau ɗaya na kwana a asibitin, shi ma da ƙarfe biyar na tafi saboda ina da aiki da safe.